Aji da halin jarumi a wasannin taka rawa na intanet

Aji, a wasannin taka rawa na intanet, shi ne sana'a ko aikin da mai wasa ke zaɓa wa jarumin da zai sarrafa a cikin wasan, kamar mayaƙi, mai sihiri, mai warkarwa, maharbi ko ɓarawo. Ajin ne ke ƙayyade irin makamin da jarumin zai riƙe, sulken da zai iya sawa, dabarun da zai koya, da kuma aikin da abokan tafiyarsa za su dogara da shi a kai lokacin faɗa. Baya ga wannan, kowane aji yana zuwa da irin halin da aka saba jingina masa: ana ɗaukar mayaƙi a matsayin mai zafin zuciya da rashin tsoro, mai sihiri mai zurfin tunani da son ilimi, mai warkarwa mai haƙuri da tausayi, ɓarawo kuma mai wayo da rashin yarda da mutane. Daidaita halin jarumi da ajinsa na cikin abubuwan farko da mai wasa ke yanke shawara a kai, kuma ya daɗe yana jan hankalin masu ƙirƙirar wasanni da masu binciken halayyar ɗan Adam.

Batun yana da fuska biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce halin jarumin da aka ƙirƙira, wato yadda yake magana, abin da ya yi imani da shi, da abin da ba zai taɓa aikatawa ba. Ta biyu ita ce halin mutumin da ke zaune gaban kwamfuta ko waya yana wasan. A farkon tarihin waɗannan wasanni doka ce ke ɗaure hali da aji, har jarumi kan rasa ajinsa idan ya saɓa wa halin da aka gindaya masa. A yawancin wasannin yau an sassauta wannan ɗauri, an bar wa mai wasa ya yanke da kansa.

Asali

Tsarin aji ya samo asali ne daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974. Ana yin sa da takarda, fensir da ƙwayoyin jefawa masu lambobi, inda mutum ɗaya ke ba da labari sauran kuma kowa na riƙe da jaruminsa. Bugun farko yana da aji uku kacal: mayaƙi, mai sihiri da malamin ibada wanda ke warkar da raunuka. A shekarar 1975 ƙarin littafin Greyhawk ya kawo ɓarawo da kuma barden da ake kira paladin, mayaƙin da ya yi alwashin tsayawa kan gaskiya.

Tun daga wannan lokaci wasan yana da wani ma'auni na ɗabi'a da ke raba jarumai zuwa masu bin doka, masu son hargitsi da 'yan ba-ruwanmu. Daga baya aka ƙara masa layi na biyu, na kirki da mugunta, sai aka samu matsayi tara. An ɗaure wasu azuzuwan da wannan ma'auni. A bugun Advanced Dungeons & Dragons na ƙarshen shekarun 1970, dole ne paladin ya kasance mai bin doka kuma mutumin kirki, ya riƙa fitar da kashi ɗaya cikin goma na abin da ya samu a matsayin sadaka, kuma idan ya aikata mugunta da gangan sai ya rasa duk baiwarsa ya koma mayaƙi na yau da kullum. A bugu na uku, na shekarar 2000, ba a yarda mayaƙin daji mai faɗa da fushi ya zama mai bin doka ba, yayin da ɗan zuhudu mai faɗa da hannu dole ne ya zama mai bin ta. Bugu na huɗu na 2008 ya sassauta waɗannan sharuɗɗa, na biyar kuma, wanda ya fito a 2014, ya ware wa hali gurbinsa daban: mai wasa kan rubuta ɗabi'un jaruminsa, aƙidarsa, abin da ya shaƙu da shi da kuma rauninsa, ba tare da ajin ya tilasta masa komai ba.

Shigowa intanet

A shekarar 1978 Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex da ke Ingila, ya fara rubuta wasan MUD, wanda Richard Bartle ya ci gaba da faɗaɗawa. Wasa ne na rubutu zalla, babu hoto, inda mutane da dama ke shiga duniya ɗaya a lokaci guda. Daga cikin wasannin da suka biyo sawunsa, DikuMUD, wanda wasu ɗalibai a Jami'ar Kofanhagan ta ƙasar Denmak suka rubuta a farkon shekarun 1990, shi ne ya fi tasiri a kan tsarin aji. Ya ɗauko azuzuwa huɗu irin na Dungeons & Dragons, wato mayaƙi, mai sihiri, malamin ibada da ɓarawo, ya mai da hankali kan faɗa da dodanni da hawa mataki-mataki.

EverQuest, wanda ya fito a 1999 da azuzuwa goma sha huɗu, ya kai wannan tsari duniya mai hoto. World of Warcraft na kamfanin Blizzard ya biyo baya a watan Nuwamban 2004 da azuzuwa tara: mayaƙi, paladin, mafarauci, ɓarawo, malamin ibada, mai hulɗa da iskoki, mai sihiri, mai kiran aljanu da bokan daji. An ƙara wasu huɗu a 2008, 2012, 2016 da 2022, suka zama goma sha uku. Masu biyan kuɗin wasan sun kai miliyan 12 a shekarar 2010, kuma wannan yawa ne ya sa azuzuwansa suka zama abin misali ga wasanni da dama da suka zo bayansa.

Ba duk wasanni ne suka bi wannan hanya ba. Ultima Online na 1997 da RuneScape na 2001 ba su da aji ko kaɗan. A cikinsu jarumi yana ƙwarewa ne a abin da yake yawan yi, ko sara da takobi, ko ƙira, ko kamun kifi, don haka halinsa kan bayyana ne sannu a hankali ta hanyar ayyukansa.

Ayyuka uku na ƙungiya

A wasannin da ke da aji, yawancin faɗan da ke da wahala ana yin sa ne a ƙungiya, kuma ƙungiyar na tsayuwa kan ayyuka uku.

Na farko shi ne mai garkuwa. Yana sa sulke mai nauyi, yana shiga gaba, yana jawo fushin dodo kansa don kada ya auka wa sauran. Wasan na lissafa wanda ya fi tsokanar dodo a kowane lokaci, kuma dodon na bin wanda ke saman wannan lissafi. Aikin mai garkuwa shi ne ya zauna a saman. Da yake shi ke fara faɗa kuma shi ke tsara saurin tafiya, galibi shi ake kallo a matsayin jagora, ko da bai nema ba.

Na biyu shi ne mai warkarwa, wanda idonsa ke kan lafiyar abokansa fiye da kan abokin gaba. Yana da ƙarfin sihiri iyakantacce da dole ya yi tattalinsa, kuma sau da yawa sai ya zaɓi wanda zai ceta cikin ƙiftawar ido.

Na uku shi ne mai kai hari, wanda aikinsa kashe dodo kafin ƙarfin sauran biyun ya ƙare. Akwai masu kai hari daga kusa, kamar ɓarawo, da masu kai wa daga nesa, kamar mai sihiri da mafarauci.

A World of Warcraft ƙungiyar shiga kogo ta mutum biyar ce: mai garkuwa ɗaya, mai warkarwa ɗaya, masu kai hari uku. A Final Fantasy XIV ƙaramar ƙungiya ta mutum huɗu ce, mai garkuwa ɗaya, mai warkarwa ɗaya da masu kai hari biyu, babbar kuma ta mutum takwas. Duk da cewa masu kai hari sun fi gurabe, su ne suka fi jira a layi, domin masu son wannan aiki sun zarce guraben da yawa. Kuskuren mai garkuwa ko na mai warkarwa kowa na ganinsa nan take, kuma yakan jawo mutuwar ƙungiya gaba ɗaya, shi ya sa mutane da yawa ke gudun ɗaukar nauyin. Wasannin biyu duk sun ƙirƙiro ƙarin lada ga wanda ya yarda ya cike aikin da ake ƙarancinsa. Wannan ya nuna cewa zaɓen aji na da alaƙa da yadda mutum ke jure wa matsi, zargi da alhakin wasu, kuma sakamakonsa na shafar duk wanda ke wasa tare da shi.

Aji da aiki ba koyaushe suke tafiya ɗaya ba. A World of Warcraft paladin da bokan daji suna iya yin kowanne daga ayyukan uku, malamin ibada na iya barin warkarwa ya rungumi sihirin inuwa don kai hari, amma mai sihiri, mafarauci, ɓarawo da mai kiran aljanu ba su da wani aiki sai kai hari. Guild Wars 2 na 2012 ya yi ƙoƙarin rushe wannan rabo ta hanyar ba kowane aji dabarar warkar da kansa, sai dai da aka ƙara manyan faɗace-faɗacen ƙungiya daga baya, masu wasa sun sake ware wasu daga cikinsu don warkarwa da tallafi.

Zaɓen aji ta hanyar tambayoyi

Wasu wasanni sun gwada barin hali ya zaɓi aji kai tsaye. Misalin da ya fi shahara shi ne Ultima IV, wasan kwamfuta na mutum ɗaya da Richard Garriott ya fitar a 1985. Maimakon jerin azuzuwa, mai wasa na haɗuwa da wata mai duba da ke shimfiɗa masa kati tana yi masa tambayoyin ɗabi'a. Kowace tambaya tana gwama kyawawan halaye biyu, dole ya fifita ɗaya. A ɗaya daga cikinsu an ba shi amanar jakar zinariya da ba a ƙirga ba, sai ya gamu da mabaraci a hanya: ko ya kai jakar yadda take don riƙon gaskiya, ko ya ciri tsaba ɗaya ya bayar don tausayi.

Halayen takwas ne, kuma kowanne na da ajinsa. Gaskiya ta mai sihiri ce, tausayi na mawaƙi, jarumta ta mayaƙi, adalci na bokan daji, sadaukarwa ta maƙeri, mutunci na paladin, tsarkin ruhi na ɗan daji mai baka, tawali'u kuma na makiyayi. Tambayoyin bakwai ne, an tsara su kamar gasar fitar da gwani: huɗu a zagayen farko, biyu a na biyu, ɗaya a ƙarshe, halin da ya rage shi ke ba da aji. Makiyayi shi ne aji mafi rauni a wasan, don haka wanda ya fifita tawali'u a kan komai yakan fara tafiyarsa da wahala fiye da kowa.

Jerin wasannin The Elder Scrolls ya yi amfani da irin wannan dabara. A Morrowind na 2002 mai wasa na iya amsa tambayoyi goma, kowace da amsoshi uku da ke karkata zuwa faɗa, sihiri ko saɗaɗawa, daga nan wasan ya ba shi shawarar aji, yana kuma iya ƙin karɓa. A cikin manyan wasannin intanet ba a cika barin tambayoyi su yanke aji ba, saboda mutum na iya shafe ɗaruruwan sa'o'i da jarumi ɗaya kuma ba zai so a zaɓa masa ba. Guild Wars 2 ya bi hanyar tsakiya: mai wasa ke zaɓen aji da kansa, sannan ya amsa tambayoyi kan asalin jarumin da abin da ya wuce a rayuwarsa, amsoshin kuma su sauya farkon labarinsa.

Aji a cikin labari

Hanya ta biyu da masu ƙirƙira ke ɗaura hali da aji ita ce ta labari da al'adar jinsunan duniyar wasan. Lokacin da World of Warcraft ya fito, 'yan ɓangaren Alliance kaɗai ke iya zama paladin, 'yan Horde kaɗai ke iya zama masu hulɗa da iskoki, bokan daji kuwa jinsi biyu ne kawai ke da shi. Hujjar ita ce kowane aji ya taso ne daga addini da tarbiyyar wasu mutane. An buɗe paladin ga Horde da mai hulɗa da iskoki ga Alliance a 2007, kuma tun daga lokacin ake ta rage irin waɗannan shingaye.

Star Wars: The Old Republic, wanda kamfanin BioWare ya fitar a watan Disamban 2011, ya kai wannan tunani nesa. Yana da azuzuwa takwas, huɗu a ɓangaren Jamhuriya, huɗu a ɓangaren Daula, kuma kowanne na da cikakken labarinsa da muryarsa da abokan tafiyarsa. Ɗan sumoga na magana da barkwanci da rainin hukuma, soja na magana da ladabin bariki, ɗan leƙen asiri na magana da taka-tsantsan. Duk da haka, a cikin tattaunawa mai wasa na zaɓar amsar kirki ko ta mugunta, don haka ana iya samun mayaƙin Sith mai jinƙai ko Jedi mai taurin zuciya. A 2022 wasan ya raba labarin aji da salon faɗa, ta yadda mutum zai iya bin labarin wani aji yana faɗa da salon wani.

Final Fantasy XIV, wanda aka sake ƙaddamarwa a 2013, ya warware matsalar ta wata hanya dabam. Jarumi ɗaya na iya koyon dukkan azuzuwa, kuma sauya makamin da ke hannunsa kawai ke sauya ajinsa. A nan aji ya zama kamar tufafin aiki da ake sawa a cire, halin jarumin kuma yana nan yadda yake.

Masu taka rawa da gaske

A wasanni da yawa akwai sabar da aka keɓe wa masu son shiga rigar jarumansu sosai, su riƙa magana da aikatawa kamar su ne. A wajensu daidaita hali da aji fasaha ce ta rubutu, kuma ana bin hanyoyi uku.

Wasu na farawa da aji sannan su gina hali. Mutum ya zaɓi mai kiran aljanu, sai ya tambayi kansa wane irin mutum ne zai yarda ya ƙulla yarjejeniya da abin da kowa ke tsoro, me ya rasa, me yake nema. Wasu na farawa da hali: suna da hoton tsohuwar da ta gaji da yaƙi ko saurayi mai neman suna, sai su nemi ajin da zai ba wannan hoto hannu da makami. Kashi na uku na saɓa wa abin da aka saba da gangan, su ƙirƙiri mai warkarwa mai faɗa da tsiwa, ko mayaƙi matsoraci da aka tilasta wa shiga soja, ko ɓarawon da ba ya ƙarya. Masu wannan salo na ganin cewa tazarar da ke tsakanin sana'ar jarumi da zuciyarsa ita ce ke haifar da labari.

Abin da kowace hanya ke buƙata shi ne dalili. Aji yana nuna horon da jarumi ya sha da mutanen da ya zauna da su, don haka ko da halinsa ya saɓa wa ajin, akwai buƙatar a san yadda ya tsinci kansa a ciki da abin da ya hana shi fita. A irin waɗannan sabar ana kuma raba maganar jarumi da maganar mai wasa a fili, don kada rashin mutuncin da jarumi ya yi a labari ya zama faɗa tsakanin mutane na gaske.

Binciken masana

A 1996 Richard Bartle ya wallafa wata maƙala da ta raba masu wasan MUD zuwa kashi huɗu: masu neman nasara da tara maki, masu bincike da son gano sirrin duniyar wasa, masu son hulɗa da mutane, da masu son rinjayar wasu 'yan wasa. Bayan 'yan shekaru Erwin Andreasen da Brandon Downey suka mayar da wannan rabo gwajin tambayoyi a intanet, wanda aka fi sani da gwajin Bartle. Bartle ya faɗaɗa rabon zuwa takwas a littafinsa Designing Virtual Worlds na 2003. Rabon nasa bai yi magana kan aji kai tsaye ba, yana bayani ne kan abin da ke kawo mutum wasa, amma masu wasa sun daɗe suna amfani da shi wajen ba juna shawarar aji.

Nick Yee, wanda ya shafe shekaru yana tattara bayanan masu wasa ta shirinsa na Daedalus Project, ya wallafa wani nazari a 2006 bisa amsoshin mutum kusan 3,000. Ya gano dalilai goma da suka taru ƙarƙashin manya uku: neman ci gaba, zumunci, da nutsewa cikin duniyar wasa. Muhimmin abin da ya fito shi ne waɗannan dalilai ba sa korar juna. Mutum na iya son gasa sosai kuma ya so zumunci sosai, don haka sanya shi a akwati ɗaya na ɓoye rabin gaskiyarsa.

A 2007 Katherine Bessière, Fleming Seay da Sara Kiesler sun nemi masu wasan World of Warcraft su auna halayensu na zahiri, halayen da suke burin samu, da halayen jarumansu. Sakamakon ya nuna cewa jaruman sun fi kusa da mutumin da mai wasa ke fatan zama, kuma wannan tazara ta fi girma ga waɗanda ba su da kwanciyar hankali sosai a rayuwarsu. A wannan shekarar ce Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford suka bayyana abin da suka kira tasirin Proteus, wato yadda siffar da aka ba mutum a duniyar kwamfuta ke sauya ɗabi'arsa. A gwajinsu, waɗanda aka ba dogayen siffofi sun fi tsaurin ciniki wajen rabon kuɗi fiye da waɗanda aka ba gajeru. Ma'anar wannan ga batun aji ita ce tasirin na tafiya ta ɓangare biyu: mutum na zaɓen jarumi, jarumin kuma na iya jan mutum zuwa wani hali.

A 2011 Yee da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta PARC da ke Kalifoniya sun gwama gwajin manyan halaye biyar na ilimin halayyar ɗan Adam da bayanan wasan mutum 1,040 a World of Warcraft. Sun ga cewa masu son shiga jama'a sun fi karkata ga ayyukan ƙungiya, masu sauƙin kai kuma sun fi aika alamun gaisuwa da runguma kuma sun fi son ayyukan da ba na faɗa ba. Alaƙar tana nan, sai dai ba ta da ƙarfin da za a ce hali kaza dole ya kai mutum ga aji kaza.

Wani nazarin da suka fitar a shekarar ya duba sanannen zaton nan cewa mata sun fi son warkarwa. Da aka auna yawan warkarwa da yawan hari, ba a ga bambanci tsakanin maza da mata masu wasa ba. Bambancin ya bayyana ne tsakanin jarumai maza da jarumai mata: maza masu riƙe da jaruma mace sun fi warkarwa. Wato zaton ne da kansa ke samar da abin da ake gani a fili, kuma wanda ke kallon wasan daga waje zai ɗauka ya tabbata.

Gwaje-gwajen intanet da suka

Akwai ɗimbin gwaje-gwajen tambayoyi a intanet da ke alƙawarin gaya wa mutum ajin da ya dace da shi, wasunsu na jingina da rabon halaye goma sha shida na Myers-Briggs. Yawancinsu don nishaɗi aka yi su. Masu suka na nuni da abin da masanin halayya Bertram Forer ya nuna a 1948, lokacin da ya ba ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya kowa ya ɗauka nasa ne shi kaɗai: bayani mai faɗi da daɗin ji yakan yi kama da gaskiya ga kusan kowa.

Suka ta biyu ita ce irin waɗannan gwaje-gwaje na kallon hoton aji su manta da yadda ake sarrafa shi. Mutum na iya son labarin ɓarawo amma ya ƙi jinin faɗan kusa da ke buƙatar saurin yatsu da yawan zagaya dodo. Wani na iya zama mai tausayi a rayuwarsa amma ya ga kallon ma'aunin lafiyar mutane na tsawon sa'o'i ya gundure shi. Bayan haka, kamfanoni na sauya ƙarfin azuzuwa lokaci zuwa lokaci, ƙungiyoyi na neman aikin da suka rasa, abokai na roƙon mutum ya cike gurbi, kuma duk waɗannan na shiga cikin zaɓi ba tare da sun taɓa hali ba.

Akwai kuma masu ganin cewa ɗaura hali da aji ko jinsi na ƙarfafa tunanin cewa wasu halittu an haife su da mugunta ko da wauta. Wannan muhawara ta sa masu Dungeons & Dragons suka sanar a 2020 cewa za su sauya yadda ake bayyana wasu jinsunan wasan, aka kuma ba mai wasa damar raba ƙarin ƙarfin jiki da na tunani yadda ya ga dama ba tare da la'akari da jinsin jarumi ba. Masu kare tsohon tsari na cewa shingaye ne ke ba duniya ɗanɗanonta, kuma idan kowa na iya zama komai, zaɓin ya rasa nauyinsa.

Saboda sauya aji a wasanni da dama na nufin fara sabon jarumi daga matakin farko, yawancin masu wasa na riƙe jarumai fiye da ɗaya, babba guda da wasu na gefe, suna gwada ayyuka dabam-dabam kafin su tsaya kan wanda suka fi jin daɗinsa.